Daga Bakin Magori zuwa Wayar Hannu: Tallan Batsa da Damuwar Iyaye a Mai'adua

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi koken da iyaye ke yi game da tallace-tallacen da ke jingina da sha'awa da surar jiki, waɗanda ke isa ga kunnuwa da idanun samari da 'yan mata, tare da ɗaukar garin Mai'adua na masarautar Daura a matsayin madubi. An bi sawun irin wannan talla daga bakin magori zuwa motar lasifika, sannan zuwa wayar hannu, aka kuma duba kalmomin da yake amfani da su da dokokin da ake sa ran su taka masa burki. Matsayar maƙalar ita ce, batsa ba baƙuwa ba ce a tallan Bahaushe. Abin da ya sauya shi ne katangun da suka killace ta a da, da kuma wanda ake nufi da ita a yau.

1.0 Gabatarwa

Mai'adua gari ne na kan iyaka a arewacin Daura, kuma hedikwatar ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba wa mutum sama da 200,000. Kasuwarsa mai ci ranar Lahadi ta yi suna wajen dabbobi da hatsi, tana tara fatake daga ƙasar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, waɗanda ke shigowa ta mashigar Kwangwalam, da dillalai masu lodin shanu zuwa kudancin Nijeriya. A irin wannan taro ba a raba yaro da babba. Saurayi ɗan shekara 14 ne ke riƙe wa mahaifinsa igiyar rago, yarinya kuma tana zagayawa da farantin gyaɗa ko ƙwaryar fura. Duk wanda ya saba cin manyan kasuwannin ƙasar Hausa ya san abin da ke biyo baya: wata mota ɗauke da lasifika a samanta ta tsaya a gefe, murya ta tashi tana zayyana cututtukan mazakuta da abin da ke gudana tsakanin miji da mata, dalla-dalla, uba na ji, ɗansa na ji, kowa ya kawar da kai kamar bai ji ba.

Wannan kawar da kai shi ne mafarin tambayar da maƙalar ke son amsawa. Iyaye na kokawa, limamai na yin huɗuba, hukumomi na fitar da sanarwa, amma tallan bai ragu ba, sai ma ya sami sabon gida a cikin wayar da ke aljihun yaron. Me ke cikin wannan talla da ya sa ya fi ƙarfin kunya, wadda Bahaushe ke alfahari da ita?

2.0 Talla da Kunya

Kalmar talla tana da fuska biyu a Hausa. Tana nufin yawo da haja don neman mai saye, tana kuma nufin sanarwar da ake yi wa hajar a rediyo ko allon bakin titi. Ma'ana ta farko ce ta asali, kuma tun daga ita aka fara haɗa ciniki da ƙuruciyar mace. Binciken da Enid Schildkrout ta gudanar a birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna yadda matan kulle suka dogara da yara, musamman 'yan mata, wajen kai hajarsu kasuwa, da yadda ribar ke komawa ga tara kayan ɗaki. 'Yar talla ba ta fita sai ta yi wanka ta ci kwalliya, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wurin talla wurin ganin miji ne. Malamai da marubuta sun daɗe suna sukar wannan al'ada saboda abin da take jawo wa 'yan mata. Ke nan, amfani da kyan budurwa don jan mai saye ba Bature ne ya koya mana ba, ko da yake wannan magana ba ta yi wa da yawa daga cikinmu daɗin ji.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai kunya. Kirk-Greene (1974) ya lissafa ta cikin halaye goma da ke tabbatar da mutumin kirki a idon Bahaushe. Sai dai kunya ba haramta magana take yi gaba ɗaya ba; tsara ta take yi. Tana faɗin wa zai faɗi me, a gaban wa, kuma a wane lokaci. Shi ya sa al'ada ta ware wa batsa wasu kafofi. Akwai 'yan gambara da 'yan kama, waɗanda aka san sana'arsu ke nan, mai jin kunya ya ba su kuɗi su wuce. Akwai wasan taubasai da na kaka da jika. Akwai zaman da tsofaffin mata ke yi da amarya gab da kai ta ɗaki, inda ake koya mata gyaran jiki, a ba ta tsimi da gumba da dahuwar kaza. A duk waɗannan wurare akwai katanga: ko dai ta dangantaka, ko ta jinsi, ko ta lokaci. Uwa ba ta zama a inda ake yi wa 'yarta ta fari wannan huɗuba, budurwar da ba a sa mata rana ba kuma korar ta ake yi.

3.0 Matakai Uku na Rushewar Katanga

Magori, wato mai yawon tallan magani, tsohon baƙo ne a kasuwannin ƙasar Hausa, har ya shiga karin magana: magori, wasa kanka da kanka. Shi ma yakan saki baki, to amma muryarsa ba ta wuce da'irar da ta kewaye shi. Wanda ya tsaya, da ƙafarsa ya zo, kuma dattijo na iya daka wa yaro tsawa ya bar wurin. Lasifika ce ta fara rusa wannan. Da ta hau kan mota, sai magana ta daina zaɓen mai sauraro. Ta shiga rumfa, ta haura katangar gida, ta iske ɗalibai a hanyar Islamiyya. Daga baya mai maganin ya daina wahalar da maƙogwaronsa, ya naɗi muryar a kaset, sannan a katin waya, tana maimaita kanta daga hantsi har la'asar.

Abin da ya fi cancantar nazari a wannan mataki shi ne harshen. Mai tallan ba kasafai yake kiran al'aura da sunanta na kai-tsaye ba. Sakaya yake yi, amma irin sakayar da ba ta ɓoye komai. Kalmar basir, wadda a likitance cuta ce takamaimiya ta dubura, an faɗaɗa ta har ta zama uwar duk wani rauni na namiji: ciwon baya, kasala, saurin gajiya a shimfiɗa, duk basir ne. Haka kalmar sanyi take a ɓangaren mata, ta haɗe ƙaiƙayi da fitar ruwa da rashin haihuwa da ƙyamar miji a ƙunshi guda. Kalmomi irin su harka da aiki da gamsarwa da ni'ima sun sami ma'ana ta biyu, har ta kai mai magana a gaban surukai yakan yi taka-tsantsan da su. Dabarar a fili take. Ana lissafa alamomin da kusan kowane baligi ke ji a wani lokaci, a ba su sunan cuta, sannan a ɗaga kwalba. Saurayin da ya fara mafarki bai daɗe ba, wanda ba shi da wanda zai tambaya, yana jin an ambaci abin da ke damun sa, sai ya ɗauka shi ma majinyaci ne.

Akwai kuma aron rigar addini. Wasu masu tallan sukan buɗe da basmala da salati, su yi amfani da kalmomin fiƙihu kamar janaba da maziyyi da inzali, su ambaci habbatus-sauda da zuma da man zaitun. Da wannan sai maganar ta yi kama da karatu, mai son tsawatarwa ya rasa ta inda zai kama.

Mataki na uku shi ne wayar hannu, kuma a nan ne batun matasa ya fito sosai. Motar lasifika magidanci take nema, yaro tsintar maganar yake yi. Waya kuwa ta san mai riƙe da ita. Manhajoji irin su TikTok da Instagram da Facebook suna lura da abin da mutum ya daɗe yana kallo, su ƙaro masa irinsa. Yarinyar da ta tsaya kan bidiyon kwalliyar biki sau biyu ko uku, ba da jimawa ba za ta fara cin karo da mai sayar da man ƙara haske, daga nan sai mai maganin ƙara ƙiba da cikar ƙirji, daga nan sai mai kayan mallaka. Ba wanda ya zauna ya tsara mata wannan hanya da sunanta. Lissafin na'ura ne da ke bin abin da ke riƙe ido. Kuma duk wannan na faruwa ne cikin shiru, da abin saurare a kunne, a ɗakin da uwa ke zaton 'yarta barci take yi.

4.0 Daga Uwargida zuwa Budurwa

A al'adance kayan mata, waɗanda a ƙasar Sakkwato da Zamfara ake kira haƙƙin maye, na matar aure ne. Hujjar da ta halatta su a idon jama'a ita ce gyaran aure da zaman kishi. Tallan zamani ya tsallake wannan iyaka. Fitacciyar mai wannan sana'a a Instagram, Hauwa Sa'idu Muhammad da aka fi sani da Jaruma, ta yi suna ne a faɗin Nijeriya ta hanyar haɗa kayan mata da alkawarin samun kyautar kuɗi da mota daga namiji, tare da ɗaukar taurarin fim su yi mata talla. Da kayan suka fita daga hannun tsohuwar cikin gida suka koma haja mai tambari, sai aure ya daina zama sharaɗi. Masu kwaikwayon wannan salo da Hausa sun yi yawa, kuma kalmar da suka fi so ita ce gyara. A bakinsu budurwa ma tana buƙatar gyara: fatarta, ƙugunta, ƙirjinta, har muryarta. Ma'anar da ke ƙarƙashin kalmar ita ce jikin da Allah ya ba ta ɓatacce ne.

Illar ba ta tsaya ga tarbiyya ba, ta shafi lafiya. Wani bayani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya kawo cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na amfani da kayan sauya launin fata, kuma a watan Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar. Da yawa daga cikin waɗannan mayuka na ɗauke da sinadaran da ke sa fata ta yi sirara ta riƙa tsagewa, wasu kuma na taɓa ƙoda. Ƙwayoyin da ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata ke sha don su yi ƙiba kafin biki, galibi magungunan asibiti ne da aka yi don wasu cututtuka daban. Kumburin da suke kawowa ba lafiya ba ce, kuma yawan shan su na iya jawo hawan jini da ciwon sukari. A ɓangaren samari, hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano cewa abin da ake sayarwa da sunan tsantsar ganye an cakuɗa shi da sinadarin ƙwayar Viagra, ba tare da an rubuta a kwali ba.

A nan matsayin Mai'adua na garin kan iyaka yana da tasiri. A kasuwar kayan mata, cewa abu ɗan Nijar ne tamkar shaidar inganci ce, kamar yadda a can ma kayan Kano ke da farin jini. Haja na tsallakawa ta ɓangarorin biyu a cikin jakar hannu. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, amma bidiyon talla ba ya bi ta shingen kwastan. Harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, zauren WhatsApp ɗaya ne, dokoki ne kawai biyu.

5.0 Doka da Inda Ta Tsaya

A takarda Nijeriya ba ta rasa doka ba. Dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON ta 1988, ta wajabta tantance kowane talla kafin a fitar da shi, har da na intanet, kuma a watan Oktoban wannan shekara hukumar ta kai kamfanin Meta ƙara gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja tana neman naira biliyan 30 kan tallace-tallacen da ba a tantance ba. NAFDAC ma ba ta yarda a tallata magani ba sai da izininta. Jihar Kano tana da Hukumar Tace Fina-finai tun 2001 da Hukumar Hisba tun 2003, kuma hukumominta sun sha gargaɗi da kama masu tallan magani da kalaman batsa a tituna. Jihar Katsina ta kafa tata Hukumar Hisba a zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa.

Matsalar ita ce an gina waɗannan dokoki ne a kan siffar talla irin ta kamfani: akwai mai haja, akwai wakilin talla, akwai gidan rediyo, kowannensu da ofis da adireshi. Matar da ke ɗora bidiyo daga ɗakinta, ta karɓi kuɗi ta asusun banki, ta aika kaya ta hannun direban tasha, ba ta cikin wannan siffa. Hatta matakin da Meta ya ɗauka a 2023, na hana masu talla amfani da komai wajen nufar 'yan ƙasa da shekara 18 in ban da shekaru da wurin zama, ya shafi tallan da aka biya kamfanin ne kawai. Bidiyon mai kayan mata ba a biya masa ko sisi ba, a idon manhaja hira ce kamar kowace hira. Ƙari a kan haka, na'urorin tace kalamai ba su ƙware a Hausa ba, balle Hausar sakaya. Wace na'ura ce za ta gane abin da ake nufi da ni'ima?

Inda hukuma ta fi iya kai hannu shi ne kan mutum ɗaya ɗaya, kuma nan ma akwai rikici. Taƙaddamar da ta biyo bayan kamen 'yan TikTok a Kano, wadda ta kai ga Sheikh Aminu Ibrahim Daurawa ya ajiye shugabancin Hisba a farkon Maris na 2024 kafin a sasanta ya koma, ta nuna cewa ko a tsakanin masu mulki ba a daidaita kan iyakar tsawatarwa ba. A ganina kame na iya kashe lasifikar kasuwa, domin mota abar gani ce, amma ba ya taɓa buƙatar da ta haifar da cinikin.

6.0 Damuwar Iyaye a Ma'auni

Ba iyayen ƙasar Hausa kaɗai ke wannan kuka ba. A Amurka, ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta ƙasar ta fitar da rahoto a 2007 wanda ya danganta mayar da 'yan mata abin sha'awa a kafafen watsa labarai da raina kai da baƙin ciki da matsalar cin abinci. A Birtaniya, rahoton Reg Bailey na 2011 ya ba da shawarar rage allunan talla masu nuna tsiraici a kusa da makarantu da buɗe kafa guda da iyaye za su riƙa kai ƙorafi. Sai dai akwai bambanci da bai kamata a tsallake ba. A can hoto ne matsalar, kuma jiki ana amfani da shi ne don sayar da wani abu daban, kamar turare ko tufafi. A nan magana ce ta fi yawa, mai tallan ma sau da yawa tana sanye da hijabi, kuma jikin ne kansa ake cewa a gyara. Ma'aunin da aka ƙera don auna tsiraicin hoto ba zai kama wannan ba.

Damuwar iyaye tana da tushe, to amma akwai abubuwa biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, kasuwar ba ta matasa ba ce su kaɗai. Magidancin da ke tsaki idan motar ta tsaya, wani lokaci shi ne ke aika yaro da kuɗi bayan an watse, uwar da ke ƙwace waya kuma tana cikin zauren matan da ake tallan. Yaro na ganin wannan. Masu sayarwar ma ba duka ne 'yan damfara ba. Akwai zawarawa da matan da wannan ce sana'ar da ke ciyar da 'ya'yansu.

Na biyu ya fi nauyi. Mai talla yana cin kasuwa ne a filin da kowa ya bari. Kunya ta hana uba magana da ɗansa kan balaga. Kaka da gwaggo, waɗanda al'ada ta ɗora wa wannan aiki, ba kullum suke gida ɗaya da yaran ba a yanzu. A makarantar boko, Ministan Ilimi Adamu Adamu ya ba da umarni a Nuwamban 2022 a cire ilimin jima'i daga manhajar matakin farko. Abin mamaki shi ne Hausa ba ta rasa harshen yin wannan magana cikin mutunci ba. Ɗalibin da ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala a zaure ya ji bayanin haila da janaba da alamomin balaga ba tare da an yi dariya ba, domin malamai sun daɗe da samar da rumbun kalmomi na aro daga Larabci da ke ba da damar faɗin komai a gaban kowa. Amma wannan karatu hukunci yake koyarwa: me ke wajabta wanka, me ke karya azumi. Ba ya amsa tambayar yarinya mai shekara 15 da ke son sanin ko jikinta daidai yake da na tsararrakinta. Wannan tambaya mai kayan gyara ce kaɗai ke amsa ta, kuma amsarta kullum a'a ce.

Ga masu nazarin Hausa akwai wani giɓi na daban. An yi rubuce-rubuce masu yawa kan kirari da roƙo da waƙoƙin talla na 'yan mata, amma maganar masu magani ta zamani, duk da cewa tana cikin zantukan baka da aka fi saurare a kasuwanninmu, ba ta sami irin wannan kulawa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ɗalibi na jin nauyin rubuta waɗannan kalmomi a kundin da zai kare a gaban malamansa, ɗaliba kuwa abin ya fi mata wuya. Ita kuma hajar ba ta jira. Katin wayar mai mota ana goge shi a ɗora sabo, shafin da aka rufe yau yana buɗewa gobe da wani suna, tallan da aka ɗora a sitatus na WhatsApp kuma yana ɓacewa bayan awa 24.